Gigin tsufa ba a tsufa yake farawa ba

Aikin jinya a ɓangaren masu hawan jini da ciwon suga a wani asibiti nan Zariya ya sauya mini yadda nake kallon tsofaffin da suka ruɗe. A gida idan tsoho ya fara kiran jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu, ko ya idar da la'asar ya sake miƙewa zai yi ta, sai a ce shekaru ne, wasu ma su ce sammu. Amma in ka buɗe katinsa, sau da yawa za ka tarar labarin ya faro tun yana ɗan hamsin, ranar da aka fara gaya masa jininsa ya hau.

Hawan jini yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa a hankali. Wani lokaci su toshe ba tare da ɓarin jiki ya shanye ba, babu wanda ya sani, sai dai tunani ya riƙa raguwa. Mutanenmu kuwa da ciwon kai ya lafa sai a ajiye magani. "Sista, ai na warke," haka dattawa ke ce mini. Wasu kuma, gaskiya, tsadar maganin ce ta kore su.

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu gigin tsufa a duniya. Akwai taba da giya da ƙiba da kitse a jini da rashin motsa jiki da ciwon damuwa da ƙarancin karatu tun yarinta. Akwai buguwar kai, abin da ke faɗo mini a rai duk sanda na ga ɗan acaɓa ya ratso Kwangila babu hular kwano. Akwai gurɓatacciyar iska. Shekaru da gado kam ba su da magani.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne raunin ji, yana kuma cikin mafi girma a lissafin. An taɓa kawo mana wani dattijo daga cikin birni, ɗansa ya ce Baba ya daina fita zaure, ya daina zuwa majalisar ƙofar gida, rediyonsa ma ya rataye ta. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, ina gajiya?" Nan take ya amsa, har da tsokana. Ashe kunya yake ji, a yi magana ya ce "na'am?" sau uku yara suna dariya, shi ya sa ya janye jikinsa. Ƙwaƙwalwar da aka daina kai wa zance kuwa kamar gonar da aka daina nomawa ce. Haka yanar ido take yi, alhali aikin cire ta ba ya daɗewa.

Muna yawan cewa mu ba Turawa ba ne, tsofaffinmu ba sa kaɗaici. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Na ga tsohuwa a gida cike da surukai da jikoki, amma tun bayan takabarta ba mai zama ya yi hira da ita, sai dai a miƙa mata kwanon tuwo a ce, "Inna, ga abinci." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na masu gigin tsufa suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, irin tamu.

Abu ɗaya da nake nanata wa 'yan rakiya: gigin tsufa watanni da shekaru yake ɗauka. Idan tsoho lafiyarsa lau jiya, yau ya wayi gari bai san inda yake ba, a kawo shi ranar. Yana iya zama zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sugansa ya faɗi saboda ya sha magani bai ci abinci ba, kuma waɗannan ana magance su.