Abin da Na Koya a Gareji Game da Amotisar Motar da Aka Saukar

Samarin Maradi da ke kawo mana Corolla don a saukar da ita ƙasa yawanci resor kawai suke tambaya, alhali abin da aikin nan ya koya mini shi ne, resor ne ke tsayar da tsayin mota, amma amotisa ce ke hana ta rawa, kuma dole ne su biyun su dace da juna. Idan aka sa gajeren resor irin na kamfanin Eibach ko H&R, wanda kan rage tsayin mota kamar milimita 30 zuwa 40, aka bar amotisar kamfani yadda take, sandarta za ta zauna a nutse tun motar tana tsaye, sai tazarar da ta rage mata ta ƙare da wuri. Da an hau tudun rage gudu za ka ji ta buga robar tsayawa, kuma ba a daɗewa sai ka ga mai ya jiƙe jikinta, ƙura ta manne a kai kamar an shafa laka.

Saboda haka maigidana ba ya barin a sayi komai sai an auna. Kamfanin Bilstein na Jamus suna da amotisar B8, wadda aka gajarta don gajeren resor, yayin da B6 an yi ta ne don tsayin asali. Koni Sport ta Holand kuma ana iya murɗa ta a ƙara mata tauri. KYB Excel-G amotisa ce mai kyau, amma madadin ta asali ce, kuma a ganina sa ta ƙarƙashin motar da aka saukar sosai ɓarnar kuɗi ne. Amotisa mai bututu ɗaya ta fi mai biyu saurin fitar da zafi, abin da ke da muhimmanci a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Yanke resor ko gasa shi da wuta, wanda wasu ke yi don arha, ba ma karɓarsa. Ana canja amotisa biyu-biyu, sannan a daidaita ƙafafu, in ba haka ba taya ta ci ta gefen ciki. Wanda kuma ke yawan bin hanyar Dakoro ko yashin unguwanni da damina, maigida kan ce masa: "Alhaji, ka bar ta yadda take, kwanon man injin ya fi kwalliyar tsada."