13 ga Oktoba: tef, tanda da katangar Forbes Field

Aikin yau faifan tef bakwai ne na sharhin wasannin besbol na Pittsburgh Pirates, waɗanda wani mai sauraro ya naɗa daga rediyo zamanin Bob Prince, muryar ƙungiyar daga 1948 zuwa 1975.

Kafin komai, sai a ɗaga kowane faifai a gaban fitila. In haske ya ratsa, asitet ne, kada ya kusanci zafi. In bai ratsa ba, poliyesta ne. Biyar asitet ne, ɗayansu yana warin binega, wato ya fara ruɓewa, sai na ware shi don kada ya shafa wa sauran. Biyun poliyestan kuwa danshi ya jiƙa ɗankon da ke riƙe da maganaɗisunsu. In aka kunna su haka, sai su yi ƙara, su bar baƙin dauɗa a kan na'ura, muryar kuma ta tafi ke nan har abada. Maganinsu gashi: digiri 54 na Salshiyas, awa takwas, a na'urar busar da 'ya'yan itace, su kwana su huce. Tandar girki ba ta yi, zafinta hawa da sauka yake.

Na goge kan na'ura da sipirit, na sake haɗa mahaɗai huɗu da gam ɗinsu ya bushe. Tef mai tsawon ƙafa 1,200 a gudun inci 3¾ cikin daƙiƙa yana ba da minti 64 kowane gefe, shi ya sa masu naɗa ke tsallake tallace-tallace don tef ya kai. Abin yana min ciwo, domin talla kan tona shekara. Yanzu dole a bi sunayen 'yan wasa da sakamako a gwada da bayanan Retrosheet, shafin da ke ajiye sakamakon tsofaffin wasannin besbol, kafin a san ranar. Faifai uku sun shiga kwamfuta a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, ba tare da tace hayaniya ba. Shewar 'yan kallo ma tarihi ce.

Da rana na leƙa unguwar Oakland a Pittsburgh, inda guntun katangar Forbes Field, tsohon filin wasan Pirates, ya rage. Duk shekara a rana irin ta yau magoya baya kan taru su saurari sharhin rediyo na wasa na bakwai na World Series na 1960, wato zagayen ƙarshe na gasar besbol ta Amurka, har ƙarfe 3:36, lokacin da Bill Mazeroski ya doka ƙwallo ta haye katanga, Pirates ta ci Yankees 10 da 9. Hoton talabijin na wasan nan an ɗauka ya ɓata, sai a 2009 aka tsinci fim faifai biyar a ɗakin ƙasa na gidan mawaƙi Bing Crosby, wanda a lokacin wasan yana cikin masu ƙungiyar Pirates. Sanyin ɗakin ne ya adana shi. Wasan farko da tashar rediyo ta KDKA ta watsa ranar 5 ga Agusta 1921 kuwa, babu ko daƙiƙa ɗaya a naɗe.

Gasassun biyu suna kan kanta suna hucewa. Gobe da safe su za a fara kwafa, don gashin makonni kaɗan yake riƙewa.