Mita ta ci jarrabawa, amma lissafin gas bai fita ba

Aikina shi ne kula da na'urorin awo a wata masana'antar matse man gyaɗa da waken suya a Challawa, nan Kano. Duk abin da ke gudu a cikin bututu, ruwa ne, tururi ne, mai ne ko gas, ni ake tambaya nawa ya wuce. Tun da aka sauya tukunyar tururinmu daga baƙin mai zuwa matsattsen gas da ake kawowa a tirela, tambayar ta ƙara zafi, domin yanzu akwai mita biyu a layi ɗaya: ta masu kawo gas, wadda da ita suke rubuto mana bil, da tamu da ke kusa da tukunya. Kowane ƙarshen wata tasu tana gaba da tamu da wajen kashi 7 cikin ɗari.

Manaja ya kira ni ofis, ya tura mini takardun biyu ya ce, "Injiniya, ɗaya daga cikin mitocin nan ƙarya take yi. Taka ce ko tasu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in fara da ta gida."

Mitarmu irin mai faranti ce. Wani zagayayyen ƙarfe ne mai huji a tsakiya, an maƙale shi tsakanin gaɓoɓin bututu biyu. Gas idan ya zo sai ya matsu ya bi ta hujin, matsinsa ya ɗan faɗi. Siraran bututu biyu suna ɗauko matsin kafin faranti da bayansa, su kai wa tiransmita, ita kuma ta mayar da bambancin zuwa wutar da ke tsakanin miliam 4 da 20, ta aika wa kwamfutar ɗakin kula. Idan aka ce a kawo mai gwaji ya gwada mita irin wannan, yawanci tiransmitar kaɗai yake taɓawa. Mu ma daga nan muka fara. Muka rufe bawul biyu, muka buɗe na tsakiya don matsin ɓangarorin ya zama ɗaya, muka duba sifili. Sannan yarona ya ɗaura famfon hannu, muka riƙa ba ta matsi a kashi 0, 25, 50, 75 da 100, hawa da sauka, ina rubuta abin da ta nuna kafin a taɓa komai. Miliam 4, 8, 12, 16, 20, duk ta bayar ba gardama. Yaron ya ce, "Oga, ai tamu lafiya lau take, su ne ke cutar mu."

Ban yarda a kai wa manaja wannan maganar ba. Abin da muka tabbatar shi ne tiransmita ta iya karanta matsi. Ko matsin da ke zuwa mata daidai ne, ko kuma kwamfuta tana juya shi zuwa adadin gas yadda ya kamata, wannan takardar gwajin ba ta ce komai a kai ba.

Kaso mafi girma na giɓin a kan tebur na same shi, ba tare da na riƙe sifana ba. Gas kamar auduga yake a buhu, wanda aka danna da wanda ba a danna ba duk buhu guda ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Don haka ba a sayar da shi a kubik mita kawai, sai an faɗi a wane zafi da wane matsi. Masu kawo mana suna lissafi a digiri 15, wanda shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi a cinikin gas. Kwamfutarmu kuwa da saitin masu ƙera tukunyar ta zo, su kuma digiri sifili suka saka. Gas ɗin da zai ba ka kubik mita 1,000 a digiri sifili, shi ne dai zai ba ka 1,055 a digiri 15. Kashi biyar da rabi ke nan, kuma babu wanda ya ɗauki ko sisin wani. Bambancin duka harafi ɗaya ne a gaban alamar awon, N a allonmu, S a takardarsu.

Ina cikin saitin ne na ci karo da wani abu. Tiransmitar matsin layi tana auna abin da ya ɗara matsin iskar waje ne, sai kwamfuta ta ƙara na iskar da kanta. An saka mata bar 1.013 (bar shi ne ma'aunin matsi), na bakin teku. Kano tana kan tudun da ya kusa mita 500, matsin iskarmu bai wuce wajen 0.96 ba. A layin da ke ɗauke da matsi mai yawa wannan ba ya nuna, amma a layi mai matsin bar biyu kamar namu yana ɗan ɗaga lissafi. Na gyara shi, duk da cewa gyaran ƙara buɗe giɓin ya yi kaɗan maimakon ya rufe shi.

Sauran sai da aka tsayar da aiki don gyaran shekara muka samu damar zare farantin. Wannan shi ne sashen da na fi so a koya wa yara, domin da ido da farce ake yinsa. Bakin hujin ta ɓangaren da gas ke shigowa dole ya kasance kaifi ƙwarai. Ƙa'idar ISO 5167 ta ce lanƙwasar bakin kada ta wuce kashi 4 cikin 10,000 na faɗin hujin, wato a huji mai milimita 50, milimita 0.02 ke nan. Tsofaffin ma'aikata suna ɗaga farantin su kalle shi a haske: baki mai kaifi ba ya ƙyalli. Namu kuwa wani siririn zobe ne mai sheƙi ya zagaye hujin, farcena ya wuce a kai sumul bai kankaru ba. A ƙasan fuskarsa kuma ga wani baƙin maiƙo mai danƙo da ya taru, man injin matse gas ne da ya biyo layi ya kama ƙura. Baki idan ya dakushe gas yana wucewa da sauƙi, bambancin matsi ya ragu, mita ta nuna ƙasa da abin da ya wuce. Ko da tiransmita sabuwa ce fil ba za ta gane ba. Muka sa sabon faranti, na tsaya a kai har aka ɗaure notin ƙarshe, domin gefen da aka fiƙe shi ne ke kallon inda gas ya nufa, kuma idan aka juya shi baibai mita za ta rage lissafi fiye da yadda tsohon ya yi.

Akwai kuma halin da ba ya gyaruwa a mita mai faranti. Idan gudu ya ninka biyu, bambancin matsi huɗu yake ninkawa. A rabin gudu, kwata kawai tiransmita ke gani. A kashi 10 na gudu kuwa, kashi 1 tak take gani. To a ce sifilinta ya zame da rabin kashi ɗaya. Da rana, tukunya na ci sosai, kuskuren bai wuce kwatan kashi ba. Da daddare da aka rage wuta zuwa kashi 10, za ta nuna 12 da ɗoriya, kuskuren ya haura kashi 20 cikin ɗari na abin da ke wucewa. Shi ya sa ban cika amincewa da alƙaluman dare da na ranar Lahadi ba, kuma na fi yawan duba sifili a kan sauran maki.

Ruwa da mai sun fi sauƙin kamawa, domin ana iya tara su a ɗora a sikeli. Mitar ruwanmu mai maganaɗisu ce, tana aiki da dokar da masanin kimiyya Faraday ya gano a 1831, wato abin da ke ɗaukar lantarki idan ya ratsa maganaɗisu yana haifar da wuta. Mukan juya layin zuwa tanki da ke kan sikeli, a tara, a kwatanta. Abin lura a nan shi ne lita ba kilo ba ce: ruwa lita 1,000 a digiri 30 nauyinsa kusan kilo 996 ne. Kuma dole bututu ya cika taf. Idan famfo ya zuƙi iska, za ka ga lambobi suna tsalle, ka ɗauka mita ce ta lalace alhali matsalar tana bakin tanki. An taɓa kawo shawarar a sayo irinta a sa a layin man gyaɗa tunda ta fi arha. Ba za ta yi ba, mai ba ya ɗaukar lantarki, sifili za ta yi ta nunawa. A can mitar Coriolis muka sa, mai lanƙwasassun bututu masu karkarwa, wadda ke ba da nauyi kai tsaye. Ita ma tana da sharaɗinta: ba a saita mata sifili sai bututu yana cike, bawul na gaba da na baya a rufe ruf.

Sikelin da kansa fa, wa ya gwada shi? Nan ne mutane kan gaji su ce ya isa. Ni kafin kowane gwaji sai na ɗora masa duwatsun awo masu takardar shaida, famfon hannu da ma'auninsa kuma suna zuwa ɗakin gwajin da ke da amincewar ISO/IEC 17025, ƙa'idar duniya ta ɗakunan gwaji. Duk mitar da kuɗi ke rataye a kanta, Sashen Awo da Ma'auni na ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya yana da ta cewa a kanta, ba a buɗe ta a murɗa don wani ya matsa. An sha ce mini in ɗan taɓa lambar mitarmu ta yi daidai da ta masu kawo gas a huta. Da an yi haka tun farko, dakusasshen farantin nan yana nan a bututu har yau.

Bayan gyare-gyaren, mitocin biyu sun matso kusa da juna, saura ɗan abin da ke cikin hurumin kuskuren kowacce. Manaja ya so su zama daidai cif, na ce masa ranar da ya ga haka ya binciki wanda ya riƙe makullin saiti. Saboda bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, masana'antu da dama za su shiga irin wannan cinikin. A sabuwar yarjejeniyarmu na nemi a rubuta a wane zafi da matsi ake lissafi, wane matsin iska aka saka wa kwamfuta, da kuma cewa duk ranar da za a gwada mitar ɗaya, wakilin ɗaya ɓangaren zai tsaya a wurin ya sa hannu a kan abin da aka tarar kafin a gyara.