Maɓallin kyauta da ya kashe mana kasuwar wasa

Wasan ƙarami ne, a Telegram yake gudana, rubutu ne da maɓallai kawai. Mu biyu muka gina shi a nan Kano: abokina yana rubuta manhajar, ni kuma bishiyar gwaninta (tsarin rassa da ɗan wasa ke zuba maki a ciki don buɗe sababbin dabaru) da sana'o'i suna hannuna. 'Yan wasanmu ba su kai hamsin ba, galibi 'yan unguwa da abokan makaranta. Kafin sati uku kasuwar cikin wasan ta mutu murus, kuma maɓalli ɗaya ne ya kashe ta, wanda ni da bakina na dage sai an sa shi.

Ƙashin bishiyar daga wasan intanet na World of Warcraft na asali na 2004 na aro shi. A can ana fara samun maki daga mataki na 10, ɗaya a kowane mataki, har su zama 51 a mataki na 60. Sai ka zuba maki biyar a reshe kafin layi na gaba ya buɗe, gwanintar ƙarshe kuma sai da maki 31, don haka ba mai iya haɗa ƙarshen rassa biyu. Na rage girman abin: mataki 30, maki 30, biyar-biyar a layi. Wannan ɓangaren bai taɓa ba ni matsala ba.

Inda na yi gaban kaina shi ne na zuba sana'o'i a cikin wannan bishiyar, su da faɗa suna cin maki daga tukunya ɗaya. A takarda lissafin ya fita tsaf. Takobi mai kyau yana layi na huɗu a reshen ƙira, maki 16 ke nan. Saran ƙarshe na barde yana layi na biyar, maki 21. Ka haɗa su 37, kai kuma 30 gare ka. Dole barde ya sayi takobi, dole maƙeri ya nemi mai kare shi a daji. Sarƙar ma daga garin nan na kwafo ta, inda majemi ba ya ɗinka takalmi, baduku kuma ba ya jima. Takobi ɗaya yana cin tama 6, gawayi 4 da kube ɗaya. Kube sai baduku, da jemammiyar fata 2. Fatar sai majemi, da bagaruwa 3 a kan kowace. Ɗanyar fata kuma sai maharbi. Mutum huɗu za su ci abinci a takobi ɗaya, su biya juna da wuri, kuɗin wasan.

Sai na sa maɓallin sake rabon maki, kyauta, ko sau nawa kake so. Dalilina tausayi ne. Na san zafin sabon ɗan wasa da ya zuba maki a inda ba shi ba, ya gane bayan wata guda. A World of Warcraft na asali sake rabo na farko zinari ɗaya ne na kuɗin wasan, na biyu biyar, na uku goma, yana hawa har hamsin. A wasan Path of Exile kuwa, a da, ana biyan janye maki ɗaya da wani kayan wasan da ake kira ƙwayar nadama. Na ɗauka mugunta ce kawai ta masu wasannin. Garin neman gira na rasa ido.

Wani yaro ne ya fara ganowa, kuma shi ya rubuto mini da murnarsa: "Yaya, ai ba sai na sayi komai ba." Ya danna ya zama maharbi, ya tara fata. Ya danna ya zama majemi, ya danna baduku, ya danna maƙeri, sannan ya kwashe makinsa ya koma barde da sabon takobi a kube. Minti goma. Lissafin 37 da 30 da nake ta alfahari da shi yana aiki ne kawai idan mutum ba zai iya zama mutum biyar a yini ɗaya ba, ni kuwa na ba kowa wannan damar da hannuna.

Gyaran farko da na yi banza ne, ina faɗarsa don kada wani ya maimaita. Na sa jiran awa 24 tsakanin sake rabo. Bai hana komai ba, domin takobinmu ba ya lalacewa. Wanda zai yi ƙira sau ɗaya a rayuwarsa, me jiran kwana huɗu zai rage masa? A nan na gane maɓallin yana da abokin laifi: kaya suna shigowa wasan, ba sa fita. Wasan Albion Online ya rayu a kan lalacewa da ɓatan kaya, domin kusan duk abin da ɗan wasa ke sawa wani ɗan wasa ne ya ƙera shi, kuma wanda aka kashe a yankunan haɗari na wasan, jan yanki ko baƙin yanki, ya rasa kayan jikinsa, dole ya koma kasuwa.

Abin da ya yi aiki sai da na taɓa wuri uku a tare. Na ciro sana'o'i daga bishiyar faɗa gaba ɗaya, kowa sana'a biyu kacal, kuma wanda ya ajiye ɗaya ya koma sifili a cikinta, kamar yadda World of Warcraft ya yi. Gwanintar sana'a ta daina zuwa da maki, sai da yawan aiki, kuma abu mai sauƙi yana daina ƙara maka komai idan ka wuce shi. Takobi ya samu ƙarko 60, kowane faɗa yana cin ɗaya, maƙeri kaɗai ke gyara shi, kowane gyara kuma yana rage iyakar da biyar, har ya zama na narkarwa. Maɓallin bai tafi ba, amma ya tsaya a kan faɗa kawai: na farko kyauta, sannan wuri 100, 200, har 1,000, yana sauka da 100 duk satin da ba ka taɓa shi ba. Sabon shiga yana gyara kuskurensa da araha, mai yawo tsakanin rassa yana biya.

Ƙananan abubuwa biyu sun biyo baya. Masu koyon ƙira suka cika kasuwa da wuƙaƙe, suna sayarwa ƙasa da kuɗin tamar, tunda gwaninta suke nema ba riba ba. Sai na bari a narkar da wuƙa a samu rabin tamar. Sannan maganar layin waya biyu, don a Kano wa ke da lambar waya ɗaya? Kowace lamba asusu ne a Telegram, wato ƙarin sana'a biyu. Na ɗaure manyan matakan sana'a da matakin ɗan wasa, babu takobi mai kyau sai ka kai mataki na 20. A World of Warcraft na asali ma ƙarshen sana'ar hannu sai mataki na 35, yanzu na san dalili.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne tsofaffin takubban. Ba mu rubuta wanda ya ƙera kowanne da lokacin da aka ƙera shi ba, don haka ba yadda zan raba na maƙerin gaskiya da na mai danna maɓalli. Na rage ƙarkonsu duka zuwa 20, na masu laifi da marasa laifi. Mutum tara suka fita a satin, biyu daga cikinsu maƙeran da tun farko suka riƙe sana'arsu ba su taɓa maɓallin ba. Yanzu ko allura aka ƙera, sunan mai ita da ranar suna manne da ita.