Rawar sulhu a Jos: gun atisaye ake yin aikin

Duk wanda ya ga yaran Unguwar Rogo da na Unguwar Rukuba suna rawa cikin da'ira ɗaya ya san ba ƙaramin abu ba ne, a garin da rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya raba unguwanni tsakanin Musulmi da Kirista. Amma jama'a, ba ranar taro ake gyara zukata ba, a wajen atisaye ne.

A ɗebi matasa ashirin, goma daga kowane ɓangare, a yi mako shida ana haɗuwa sau biyu a mako a filin makarantar da kowa zai iya zuwa ba fargaba. Kada a bar kowa ya tsaya kan rawar gidansu. Bahaushe ya koyi takun rawar Asharuwa ta ƙabilar Afizere da busar sarewarsa, ɗan Birom ya ɗaura kacau-kacau ya gwada koroso. Wanda ya kama hannunka sau goma yana gyara maka taku, da wuya gobe ya ɗauko maka dutse.

A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba don kowa ya samu Keke Napep. Ban da Juma'a da rana, ban da safiyar Lahadi. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda tun da wuri, a yayyafa wa fili ruwa saboda ƙura.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne waƙa. A saurari kowane baiti tukuna, don habaici ɗaya ya isa ya watsa taro. Kuma a ja wa makaɗa kunne: ɗan siyasa na fara liƙi, kalangu zai koma yi masa kirari, rabin fili ya tashi.