Inda na kai da samfurin ƙashin bayan ɗan tayi

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Samfurin yumɓun nan da nake ƙerawa, don nuna yadda ƙashin bayan ɗan tayi ke samuwa, ya kai matakin fenti, ga yadda ake ciki.

Waya guda na ɗaure a tsakiyar katako, ita ce igiyar notokod, wato siririyar sandar da ke ratsa tsakiyar bayan ɗan tayi kafin ƙashin baya ya samu. Gefe da gefenta na jera ƙananan curin yumɓu bibbiyu, daga kai zuwa wutsiya, domin haka somait, wato curin ƙwayoyin jiki da ke zama gaɓoɓin ƙashin baya da tsoka, ke fitowa a jikin ɗan tayi. Hunturun Kano yana tsattsaga yumɓu tun bai gama bushewa ba, sai kun riƙa lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Abin da na fi so samfurin ya nuna shi ne yadda ake yanko kowane curi. A 1976 masu bincike Cooke da Zeeman suka kawo ra'ayin cewa akwai agogo a cikin ƙwayoyin jiki, akwai kuma wata iyaka mai ja da baya zuwa wutsiya. Sai a 1997 ayarin Olivier Pourquié ya ga abin a ƙwan kaza: wata ƙwayar gado tana kunnuwa tana mutuwa duk minti 90, daidai lokacin da sababbin somait biyu ke fitowa. A ɓera kusan awa 2 ne, a ɗan Adam kusan awa 5. Saƙon Notch, wanda ƙwaya ke miƙa wa ta kusa da ita, shi ne ke sa ƙwayoyin da ke maƙwabtaka su buga tare. Daga wutsiya sinadaran saƙo biyu, FGF da Wnt, ke kwararowa, suna riƙe ƙwayoyin a ɗanye, ba su zama somait ba tukuna, daga ɓangaren kai kuma sinadarin retinoyik, wanda jiki ke sarrafawa daga bitamin A, yana tare wa FGF da Wnt hanya. Inda ƙarfin FGF ya ragu, nan ƙwayar gado Mesp2 ke kunnuwa a shata iyakar sabon somait. A madadin FGF na yanko kwali na shafa masa shuɗi, mai kauri a wutsiya yana dusashewa zuwa gaba. In na ja shi baya kaɗan, sai in ajiye curi biyu. Ku gwada, hannu yana koya wa ido abin da zane ba ya iyawa.

Amma agogon ƙirga kawai yake yi, ba shi ke cewa wannan gaɓar ta wuya ce, waccan ta ƙirji ba. Wannan aikin ƙwayoyin gado na Hox ne, guda 39 a ɗan Adam, cikin rukuni 4. Shi ya sa fentin ya zo daban da yankan: launi ɗaya ga gaɓoɓin wuya 7, wani ga 12 masu haƙarƙari, wani ga 5 na ƙugu. A 2003 masu bincike Wellik da Capecchi suka cire wa ɓeraye Hox10, wani sashe na waɗannan ƙwayoyin gado, sai ga haƙarƙari ya tsiro a gaɓoɓin ƙugu. Wannan gwajin ya ratsa ni ƙwarai, shi ya sa nake ƙera ƙaramin samfuri na biyu dominsa kaɗai.

Saura aiki mai wuya. Curi ɗaya ba ya zama gaɓa ɗaya. Kowace gaɓa daga rabin baya na somait ɗaya da rabin gaba na mai bi masa take haɗuwa, ta yadda tsoka za ta hau kan gaɓoɓi biyu, kamar yadda magini ke ɗora bulo a kan mahaɗar na ƙasa. Ke nan sai na raba kowane curi biyu na sake liƙawa. Wanda ya san dabarar yanka busasshen yumɓu ba tare da ya farfashe ba, don Allah ya taimaka min da ita.