Barbarar Kanannado da SAMPEA 10: yadda lokacin fure ya cinye mini damina

Wuta-wuta ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Gonarmu ta jigawa a wajen Ringim ta kai ga in ka shuka Kanannado, wakenmu na gargajiya, kafin ya rufe ƙasa ganyen ya koma ɗorawa, ga 'yan sandunan nan sun ɓullo a gindinsa. SAMPEA 10 kuwa, sabon irin wake da aka fitar a 2008, ko a jikinsa. Juriyar tasa gado ce daga wani waken gargajiya na manoman Botswana mai suna B301, wanda masu binciken cibiyar binciken noma ta IITA suka yi barbara da shi. Sai na ce me zai hana in haɗa wannan juriya da manyan ƙwayoyin Kanannado da harawarsa, tunda harawar sabon irin ba ta kai tumakinmu ko'ina.

Aikin hannun bai ba ni wuya ba. Da yamma ka buɗe furen da zai tashi gobe, ka cire 'yan zarurrukan namiji da hantsaki, da sassafe ka goga masa garin furen ɗaya irin, ka ɗaura zare don shaida. Da yawa za su kaɗe, wannan kowa ya sani.

Inda aka yi ta shi ne lokaci. Rana ɗaya na shuka su, kunya kusa da kunya. SAMPEA 10 ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ya bushe, muka roro shi. Kanannado kuwa sai yaɗo yake, kore shar, babu ko alamar fure. Kullum sai na ɗaga rassan ina leƙawa. Baffana ya same ni a tsugune ya ce, "Ɗan nan, wahalar da kanka kake. Wannan sai an sare gero, raɓa ta fara sauka." Haka aka yi. Sai cikin Oktoba ya buɗe, lokacin babu furen abokin barbara ko ɗaya a gonar. Damina ta tafi a banza, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ashe Kanannado ba ya lissafin kwanakinsa a ƙasa, tsawon yini yake bi. Sai yini ya gajarta, dare ya ƙaru, sannan yake fure, ko da wuri ka shuka shi ko a makare. Da na kai shi fadama da rani, lokacin gajeren yini, sai ya nuna mini ɗaya fuskar: ya tsumbure, bai yi yaɗo ba, ya hau fure da wuri. Har na zaci an musanya mini iri. To a can ne furannin biyu suka haɗu, barbarar ta kama. Duk mai son yin wannan, ko ya yi shi da rani, ko ya riƙa shuka sabon irin kashi-kashi har zuwa ƙarshen damina. Kuma a tuge waken daji da ke bakin gona, mai ƙananan ƙwayoyi da kwanson da ke fashewa da kansa, don ƙudan zuma ba ya tambayar wane ne wane.

A zuriya ta biyu komai ya rarrabu. Juriyar wuta-wuta mai rinjaye ce, wajen uku cikin huɗu ke ɗaukarta, wannan ya faranta mini. Amma batun lokacin nan ya sake dawowa: wasu masu saurin fure, wasu sun ɗauko jinkirin Kanannado. Wani malamin gona ya ce in zubar da masu jinkirin, wai su ne koma-baya. Na ƙi. Mu a cikin gero muke yin gicci. Waken da zai yi fure gero na kansa, inuwa ta danne shi, ruwan Agusta ya ruɓar da 'ya'yan, ina amfaninsa gare mu? Jinkirin da ya ɓata mini damina shi ne kakanninmu suka zaɓa da gangan, don wake ya jira gero ya bar masa fili, ya nuna a bushe, harawa ta fita da ganyenta.

Zaɓen ƙwaya kuma na bar wa iyayenmu mata. Inna ta jiƙa, ta murza a tafin hannu, duk mai santsin fata da ba ya saɓulewa ta ture shi gefe, ta ce ba zai yi ƙosai ba. Layukan irin barbara masu kyau a ido da yawa nan suka faɗi.

Asalin Kanannadon Baffa yana cikin jarkarsa daban, a toshe, ba na yarda ko ƙwaya ɗaya ta gauraya da 'ya'yan barbara. Layukan da suka tsira kuma bana a ɓangaren da wuta-wuta ta fi yawa zan zuba su, cikin gero, ba a fili su kaɗai ba.